Kafin ka sayi fitilar LED ta noman cikin ɗaki, zo mu yi lissafi tukuna

Tun ranar da na sa hoton latas ɗin da nake nomawa a wani ɗan shago da ke bayan gidanmu nan Ƙofar Marusa mutane suka hana ni sakat, kowa tambayarshi ɗaya, wace fitila zan saya, wat nawa, nawa take. Wani bawan Allah har hoton kwali ya turo mani an rubuta 2000W da manyan baƙi yana tambaya wai ta isa ɗaki guda? Toh na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi yasa na zauna na rubuta wannan, wanda ya ga zai amfane shi bismillah.

Bari in fara da maganar da mai sayar da fitila ba zai faɗa maka ba. Mu nan Katsina rana ba ta yi mana rowa ba, hasken da take zubowa da azahar kyauta ya ninka na fitilar da nake amfani da ita wajen sau takwas. Turawa suna sayen fitilun nan ne don in sanyinsu ya shigo ranar ma da kyar suke ganinta. Saboda haka in kana da fili da ruwa, irin mutanenmu na wajen Ajiwa ko Jibiya ko masu lambu kusa da dam ɗin Sabke can ƙasar Daura, dan Allah ka yi nomanka a waje ka huta. Fitila tana da rana ne ga wanda ke zaune cikin gari gidan haya babu tsakar gida, ko mai son renon irin tumatir da tattasai da tarugu a lokacin da waje ba ya yiwuwa, zafin Afrilu ya soya iri ko ruwan Agusta ya bubbuge shi, ga ƙadangaru ga kaji ga akuyar maƙwabta, ga kuma ƙwari, duk wanda ya ga abin da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a 2016 ya san dalilin da zai sa mutum ya so iri mai tsabta da ya tashi a killace. Sai kuma masu son ɗanyen ganye irin latas da na'a-na'a da lansir da ɗoɗɗoya don gida ko don kai wa masu gidan abinci. Waɗannan su nake wa magana.

In na ce matsakaicin wuri ina nufin kamar ƙafa 4 da ƙafa 4, wato mita 1.2 kowane gefe, har zuwa ninki biyun haka, ko kanta mai hawa uku ko huɗu a jingine da bango. Ba tukunya ɗaya bakin taga ba, ba kuma sito guda ba. Ka ɗauko tef ka auna inda ganyen zai zauna kawai, ba ɗakin gaba ɗaya ba, don ba sumunti za ka haska ba.

Yanzu maganar wat ɗin da ke jikin kwali. Wlh nan ne aka fi cin kuɗin mutane, ni ma an ci nawa. Fitilata ta farko a intanet na saye ta, cinikin biri a sama, irin mai hasken shunayya ɗin nan ja da shuɗi a haɗe kamar ta wajen biki, an rubuta 1000W, ina ta murna na yi tsintuwa. Sati biyu irin tumatir ɗina ya yi ta miƙewa siriri kamar zare yana kwantawa, da na samu na'urar awo na jona sai na ga wat ɗari da ɗan wani abu take ja. Ashe lambar da ke kwalin ado ce, wasu sunan samfuri ne, wasu kuma wai suna nufin ta yi daidai da tsohuwar fitila mai wat dubu, zance ne kawai. Ko manyan kamfanoni haka suke sa suna, SF1000 ta Spider Farmer wajen wat 100 take ja, TS1000 ta Mars Hydro wat 150, sai dai su in ka duba takardar sun rubuta maka ainihin abin da take ci ba ɓoyo. Toh wannan ainihin jan wutar shi za ka tambaya. In mai shago ya ce bai sani ba ka ce ya jona a gabanka. Akwai ƴar na'ura da ake cusawa a soket tana nuna wat, in babu ita ka duba fuskar inbata kafin ka kunna da bayan ka kunna, in ma wannan babu ka kashe komai na gidan ka bar fitilar kaɗai awa goma, mai wat 100 na gaskiya yunit ɗaya za ta ci a mitar kati.

Amma ko wat na gaskiyan ma abin da fitila ta ci ne, ba abin da ta bayar ba. Saniya biyu za su ci dusa kwano ɗaya, ɗaya ta cika maka ƙwarya ɗaya ko ludayi ba ta cika ba. Lambar da ke nuna nonon fitila ita ce wadda za ka ga an rubuta µmol/J a gefenta. In ka ga 2.3 zuwa 2.8 fitilar kirki ce. Tsofaffin masu shunayya ɗin nan da yawansu ba su wuce rabin haka ba, ma'ana za ka biya kuɗin wuta iri ɗaya ka samu rabin haske, sauran ya tafi a zafi. In babu wannan lambar kwata-kwata a kwali ko takarda, sai lumen kawai aka rubuta, ka yi hattara don lumen awon idon mutum ne, shuka ba da ido take ci ba.

Akwai kalmomi biyu da ba makawa sai ka san su, ka yi haƙuri da ni. PPFD shi ne ƙarfin hasken da ke sauka kan ganye a kowace daƙiƙa, DLI kuma jimillar abin da ganyen ya tara daga safe zuwa dare. Kamar ruwan sama ne, ɗaya ƙarfin zubar, ɗaya abin da ka tarar cikin randa da aka ɗauke. Yayyafin da ya wuni yana iya cika randar da ruwa mai ƙarfi na minti goma bai cika ba, shi yasa ƙaramar fitila in ka ƙara mata awoyi take rufa asiri. Lissafin shi ne ka ɗauki PPFD ka ninka da awoyin da fitila ke kunne ka sake ninkawa da 0.0036. Ƙananan iri da suka tsiro PPFD 150 zuwa 250 ya ishe su. Latas da sauran ganye 200 zuwa 300, suna son DLI kamar 12 zuwa 17. Tumatir da tattasai da za su yi ƴaƴa su ne masu haɗama, sai 400 zuwa 600, DLI 20 zuwa 30.

Mu kwatanta da wurin nan mai ƙafa 4 da 4, faɗinshi sikwaya mita 1.44 ne. Kana son latas da PPFD 250, ka ninka 250 da 1.44 ka samu 360, ka raba da 2.5 na fitilar kirki ka samu wat 144, ka ƙara wani abu saboda hasken da ke zubewa gefe, sai mu ce wat 180. In ta yi awa 16 DLI ɗinka ya kai 14 da ɗoriya, daidai kenan. Wutar da za ta ci a rana kusan yunit 3, a wata wajen 86. In kuwa tumatir kake so ya yi ƴaƴa a wannan wurin dai, sai ka tanadi wat 350, yunit 5.6 kullum, 168 a wata, kuma wurin bai wuce ya ɗauki gindi huɗu ba in za su sake. Kai da kanka ka ninka 168 da kuɗin yunit na unguwarku, ka ninka da wata uku ko huɗu, sannan ka je kasuwa ka tambayi kuɗin kwandon tumatir ɗan Ɗanja lokacin kaka. Ni dai ban ga yadda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ba, sai dai in sha'awa ce kawai kuma aljihu da nauyi. Renon iri shi ne mai riba, don faranti ɗaya na reno yana ɗaukar ɗaruruwa ko sama da ɗari aƙalla, sati uku zuwa huɗu tumatir ya isa dashe, tattasai da tarugu su kai biyar zuwa shida, ka kwashe ka zuba wani.

Launin haske ba zan ja shi da tsawo ba don an riga an wuce wurin. Shuka tana aiki da haske tsakanin 400 da 700 nanomita (awon da ke bambanta launukan haske), shuɗi wajen 450 yana hana ta zanƙalewa, ja wajen 660 yana tura girma da fure. Ka sayi fara, wadda aka rubuta 3000K zuwa 5000K, in da ƴan jajayen ƙwayoyin haske masu 660 a tsakani to madalla. Farar ta fi don wani dalili da ba kowa ke lura ba, a ƙarƙashin shunayya duk ganye baƙi-baƙi yake, ba za ka ga ya fara rawaya ba, ba za ka ga farin ƙuda ko darɓa ba sai sun gama da kai. Kuma in ka daɗe a ɗakin ka fito duniya duk sai ta koma maka kore. Masu ce maka sai da UV sai da kaza, ga mai latas da renon iri ƙarin kuɗi ne kawai.

Siffar fitilar kuma ya danganta da yadda ka tsara wurin. Akwai mai kamar allo, faranti ɗaya shimfiɗaɗɗe, tana da sauƙin kuɗi amma haskenta ya fi taruwa a tsakiya, na gefe su riƙa leƙowa kamar almajirai a bakin ƙofa. A wuri mai ƙafa 4 da 4 gara ka rataya ƙanana biyu ko huɗu da ka rataya babba ɗaya, in ɗaya ta mutu ma ba ka shiga duhu gaba ɗaya ba. Akwai mai sanduna jere, ita ta fi raba haske daidai kuma ta fi shan iska, tsada ce matsalarta. In kanta ce mai hawa-hawa to dogayen ƙwai masu ƙafa 4 su ne maganin, kuma ga wani sirri, don renon iri kawai ko farin dogon ƙwan LED na gida mai wat 18 yana yi, ka jera huɗu ko biyar a kowane hawa mai ƙafa 4 da ƙafa 2, ka matso da su kusa. Sai dai na kasuwa da yawa an rubuta 18 amma ba ya kaiwa, shi ma a auna. In ka ga an ce ƙwayoyin Samsung LM301B ko LM301H ne to masu kyau ne in da gaske su ne, don rubutun kwali ba wuya gare shi ba, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Toh ga inda namu ya bambanta da na duk wani bidiyo da za ka kalla a YouTube, wato wuta. Su can suna lissafin awa 16 ne hankali kwance. Kai awa nawa ake ba unguwarku? Shuka ba ta san an ɗauke ba, in yau ta samu awa 14 gobe ta samu 3 jibi babu, za ta yi tsawo ta yi fari ta langaɓe, ka zo kana zagin fitila alhali rijiya ta bayar guga ne ya hana. Shi yasa nake ce wa kowa ka fara da wutar da kake da tabbacinta sannan ka zaɓi fitilar da za ta iya ɗauka, kar ka sayo fitila sannan ka fara tunanin me zai kunna ta. Batir mai 200Ah na bolt 12 a takarda yunit 2.4 yake riƙewa, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi kwana, kenan fitila mai wat 180 awa shida za ta yi a kanshi ta tsaya. Yunit ukun nan na kullum kuma in daga sola za su fito kana buƙatar fanel kamar wat 800, mu ce mai 400 guda biyu, kuma lokacin hazo in ƙura ta rufe su abin yana raguwa sosai sai ana gogewa. Janareta kuwa kar ma ka soma, awa 16 kullum da kuɗin fetur na yanzu, latas ɗin zinare zai zama.

Sai ka zaɓa, da rana za ka kunna ko da dare? Da rana sola na ba ka kai tsaye batir ya huta, amma zafin fitila ya haɗu da zafin gari. Da dare gari ya yi sanyi shukar ta fi jin daɗi amma komai daga batir yake fitowa. Ni abin da nake yi, ina kunnawa ƙarfe biyar na asuba in na fito masallaci ta kashe tara na dare, yawancin awoyin rana ce ke ɗauka batir ya cike farko da ƙarshe. In zafi ya tsananta sai in rage ƙarfinta daga azahar zuwa la'asar, shi yasa nake cewa ka nemi mai makunnin rage haske, wannan ɗan abin murɗawar ya fi duk wani ado da za su lissafo maka amfani.

Wai LED ba ta zafi, ƙarya ne. Ta fi tsofaffin fitilu sanyi gaskiya, amma duk wat ɗin da ta ja ƙarshenta zafi yake zama cikin ɗaki, mai 350 kamar ka bar sulusin dutsen guga a kunne ne wuni guda. A Disamba da Janairu wannan alheri ne ma. Amma daga Maris zuwa Mayu da gari ke haura 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin tanda ne. Latas ya fi son 15 zuwa 24, in ya wuce 27 ya fara ɗaci yana tsiro kara, irin ma in ƙasa ta kai 30 ƙin fitowa yake. Tumatir in zafi ya wuce 32 zuwa 35 fure zubewa yake yi. Ni a watannin nan ajiye latas nake in koma alayyahu da ɗoɗɗoya da renon tarugu, su ba ruwansu. Ka sa fanka biyu, ɗaya mai zuƙe iska ta fitar sama kusa da rufi, ɗaya ƙarama tana kaɗa ganye a hankali, iskar tana ƙara wa kara ƙwari. Su ma ka saka wat ɗinsu cikin lissafin batir. In ɗakin ƙasa ne irin ginin da, ka gode Allah, ya fi na bulo riƙe sanyi nesa ba kusa ba.

Akwai wani ɗan akwati a bayan fitilar ko a jikin wayarta, masu gyara suna ce mashi direba, ba na mota ba, shi ke juya wutar gida zuwa wadda ƙwayoyin ke sha, kuma shi ke fara mutuwa. Ƙwayoyin ana ce suna kai awa 50,000, sama da shekara takwas kenan a awa 16 kullum, amma direba maras kyau dare ɗaya ya ishe shi, nawa na biyu haka ya tafi, an kawo wuta da ƙarfi cikin dare na ji ƙauri kawai. Ka duba jikinshi, wutarmu bolt 230 ce, ka nemi wanda aka rubuta 100 zuwa 277, shi ko wuta ta yi ƙasa yana jurewa. In wani ɗan'uwa zai aiko maka daga Amurka ka ja kunnenshi kar ya ɗauko mai 110 zalla. Mean Well suna ne da aka yarda da shi a wannan fannin. Ya fi kyau kuma a ce direban ana iya kwance shi, ka fitar da shi wajen ɗaki zafinshi ya tsaya can, in ya ƙone ka canza shi kaɗai. Ka haɗa da abin kare hawan wuta, inbata kuma mai tsabtatacciyar wuta, ba irin mai sa fanka kuka ba. Tunda wurin ban ruwa ne ka nemi mai alamar IP65, wato mai jure feshin ruwa da ƙura, soket ya zauna sama da kanta ba ƙasa ba, a kira mai wayarin na gaske ya sa wayar ƙasa don jikin fitilar ƙarfe ne kuma hannunka jiƙe yake.

Na'urar kunnawa da kashewa ka sayi mai lamba da ɗan batir a ciki. Mai juyawar nan kamar agogo in aka ɗauke wuta tsayawa take, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, bayan kwana uku sai ka tarar tana kunna maka fitila ƙarfe biyun dare. Kuma kar son girma ya sa ka bar fitila awa 24, tumatir musamman ganyenshi rawaya yake yi in bai samu duhu ba, awa 14 zuwa 16 ya wadatar.

Wajen ratayewa, mai allo ka fara da santimita 50 zuwa 60 sama da ƙananan iri, in sun girma ka sauko 30 zuwa 45. Dogayen ƙwai na kanta 15 zuwa 25. Shukar da kanta za ta faɗa maka, in tana tsawo siririya gaɓoɓinta nesa da juna haske ya yi kaɗan, in ganyen sama yana fari ko bakinshi yana nannaɗewa ya yi yawa ko ya yi kusa. In kana son lamba, na'urar awon PPFD ta gaske tsada gare ta, amma waya tana kusantowa, akwai manhajar Photone, ko kowace mai auna laks (lux, awon haske na idon mutum), in fitilar fara ce ka raba laks ɗin da 65 zuwa 70, kenan laks 17,000 ya kama PPFD 250. Ka auna tsakiya ka auna kusurwa huɗu, a nan za ka gane fitilar da ka saya. Wannan dabarar ba ta aiki da mai shunayya. Bango ka shafa mashi farin fenti ko farar ƙasa ma, yana dawo da hasken da zai ɓata. Lokacin hunturu duk sati ka kashe fitila ta huce ka goge fuskarta da busasshen ƙyalle, ƙurar Katsina ko ƙofa a rufe sai ta shiga.

In ka dage sai ka yi tumatir har ƴaƴa a ciki, ka tuna babu iska babu ƙudan zuma da za su yi wa fure barbara, kai ne za ka riƙa girgiza furen da hantsi. Masu renon iri kuma kar ku ɗauke shi daga ƙarƙashin fitila ku kai gona rana ɗaya, wanda ya saba da PPFD 200 ka jefa shi cikin 2000 na rana kafin la'asar ya ƙone. Ana saura sati a dasa ka fara fito da farantan inuwar darbejiya, ranar farko awa biyu da safe, kullum kana ƙarawa kana ɗan rage ruwa, ranar dashen kuma ka bari sai bayan la'asar.